Ina Taken Jarumi Ya Shiga? Fashin Baƙi Kan Kiɗan Finafinan Hollywood

A watan Satumba na 2016 wasu masu sharhin fim biyu, Tony Zhou da Taylor Ramos, suka saki wani ɗan bidiyo a YouTube wanda ya tayar da ƙura a tsakanin masu sana'ar fim. Sun fita titi ne a birnin Vancouver na Kanada suna tare mutane, suna roƙon kowa ya rera musu kiɗan Star Wars da baki. Aka rera. Na James Bond fa? Aka rera. Na Harry Potter? Shi ma aka rera. Sai suka ce to a rera musu kiɗa ko guda ɗaya daga finafinan jarumai na kamfanin Marvel, waɗanda a lokacin babu jerin finafinan da ya kai su kawo kuɗi a duniya. Nan fa ido ya raina fata, kowa ya yi tsuru-tsuru.

Tun daga ranar ake ta ja-in-ja a kan dalili. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce masu tsara kiɗa na yanzu ba su kai na da basira ba, kuma ban yarda da ita ba. Mutumin da ya yi wa Marvel kiɗan The Avengers a 2012, Alan Silvestri, shi ne dai ya yi na Back to the Future a 1985, wanda har gobe ana rera shi. Hannun bai mutu ba. Yadda ake haɗa fim ne ya canza, daga ɗakin tacewa har ofishin masu kuɗi, kuma kusan duk canjin da aka yi cikin shekara talatin ɗin nan ya ƙara matse wa kiɗa mai kari wurin zama.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan aikin irin wannan kiɗa, don ya san take. Ɗan dambe yana zaune a gefen fili, makaɗi ya matse kalangu ya kaɗa takensa, tsikar jikinsa ta tashi, 'yan kallo kuma tun kafin ya miƙe sun san wa ake kira. Abin da manyan masu tsara kiɗan Hollywood suka shekara suna yi ke nan: jarumi da takensa, mugu da nasa, soyayya da nata, wani lokaci har gari ko zobe ko takobi. Sun gaji dabarar daga wasannin opera na Richard Wagner, Bajamushen ƙarni na 19. Makaɗansu kuwa okestira ce, gungun mutum tamanin zuwa ɗari, masu goge manya da ƙanana, masu busa ƙaho da sarewa, masu ganguna, duk a ɗaki ɗaya suna bin sandar mutum ɗaya.

A duba Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta Steven Spielberg ya ɗauki yawancin fim ɗin ba tare da nuna shi ba. Mai tsara kiɗa John Williams ya zo da sauti biyu kacal, maƙwabtan juna, masu kauri, ana maimaita su a hankali, sannan su yi ta ƙara sauri. Spielberg ya sha faɗa cewa ranar da Williams ya fara buga masa su a fiyano dariya ya yi, ya ɗauka wasa ne. Amma sautin nan biyu su suka zama kifin. Duk inda aka ji su, yana nan ƙarƙashin ruwa. A tsakiyar fim akwai wurin da wasu yara biyu suka ɗaura fiffiken ƙarya suka firgita masu wanka a bakin teku. A nan Williams bai buga taken ba, kunnen mai kallo ya riga ya raɗa masa cewa wannan ba shi ba ne. Can gaba kuma, bayan kunne ya gama sakin jiki da wannan doka, sai kifin ya faso ruwa a bayan jirgi babu kiɗan gargaɗi ko kaɗan. Kiɗan ya ɗauki alkawari, ya yi ta cikawa, sannan ya saɓa a daidai inda saɓawar za ta fi tsinka zuciya. Irin wannan ba ya yiwuwa sai mai kallo ya haddace taken, haddar kuwa ba ta samuwa sai an ba shi gajeren kari da bakinsa zai iya maimaitawa, an kuma bar shi ya ji shi a fili sau da yawa, ba cikin hayaniya ba.

Wani abu da masu kukan zamani suke mantawa shi ne wannan kiɗa ya taɓa faɗuwa ya tashi. Mutanen Biyena ne suka kafa shi a Hollywood. Max Steiner ya yi King Kong a 1933. Erich Korngold yana Amurka yana aikin The Adventures of Robin Hood a 1938 lokacin da Hitila ya haɗiye Ostiriya, ya zauna ke nan. A wancan zamani kowane babban kamfani, MGM da Warner da Fox da Paramount, yana da okestirarsa ta kansa, makaɗa na karɓar albashi, ana shiga aiki kowace safiya. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1948 ya raba kamfanonin da gidajen sinimarsu, talabijin ya kwashe 'yan kallo, a 1958 makaɗa suka yi yajin aiki, daga nan kwantiragin dindindin ya ƙare. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 waƙoƙin matasa sun mamaye fim, The Graduate a 1967, Easy Rider a 1969, ana yi wa okestira kallon kayan tsofaffi. Sai ga Star Wars a 1977. Darakta George Lucas ya ga cewa duniyar da zai nuna baƙuwa ce ƙwarai, yana son kiɗan da zuciya ta riga ta saba da shi ya riƙe wa mai kallo hannu. Williams ya ɗauki kiɗan da London Symphony Orchestra, faifan ya sayu kamar me, kamfanoni suka dawo a guje. Daga nan aka yi kusan shekara ashirin da biyar ana shan romo: Williams, Jerry Goldsmith, James Horner, Danny Elfman, Silvestri, har zuwa The Lord of the Rings na Howard Shore tsakanin 2001 da 2003. Ko a ƙasar Hausa, wanda bai taɓa jin sunan Horner ba ya san sarewar Titanic da zarar ta tashi.

To me ya faru bayan nan? A ganina maganar daga ɗakin tacewa ta faro. Edita ba ya iya nuna wa darakta fim shiru, don haka yayin da yake yanka da haɗawa sai ya ɗauko kiɗan wasu finafinai ya shimfiɗa a ƙarƙashin hoto, na wucin gadi, kafin mai tsara kiɗa ya kawo nasa. Kiɗan aro ke nan. Tsohuwar al'ada ce. A 1968 Stanley Kubrick ya sa Alex North ya tsara wa 2001: A Space Odyssey kiɗa, ya ɗauka a situdiyo, amma zuciyar Kubrick ta riga ta zauna a kan na aron, ya jefar da na North, shi kuwa bai sani ba sai da ya zauna kallon fim ɗin. Bambancin shi ne a da ɗora kiɗan aro aiki ne mai cin lokaci. Da na'urar Avid ta fito a 1989, tacewa ta koma kan kwamfuta, sai ya zama jan fayil ne kawai ka ajiye. Yanzu darakta yakan yi wata da watanni yana kallon fim ɗinsa da kiɗan wani, safe da yamma, har ya kasa jin fitowar da wani sauti daban. Ranar da mai tsara kiɗa ya iso, umarnin da yake samu a aikace shi ne ya yi mai kama da wannan, amma kada ya kai yadda za a kai kamfani kotu. Wani lokacin ma ana ƙetare iyakar. A 2007 kamfanin Warner Bros ya fito fili ya amsa cewa wasu sassan kiɗan fim ɗin 300 an samo su ne daga wanda Elliot Goldenthal ya yi wa Titus a 1999, ya kuma nuna nadama.

Akwai wata ɓarna a nan da ba a cika lura da ita ba, kuma ita ta fi damuna. Wane irin kiɗa edita yake arowa? Ba zai ɗauko taken Indiana Jones ya sa a ƙarƙashin sabon jarumi ba, don kowa a ɗakin zai tuna wancan mai hular. Take mai ƙarfi ba ya aruwa, na mai shi ne. Abin da ke aruwa shi ne kiɗan da ba shi da fuska: dukan ganga mai tafiya daidai, goge masu karkarwa a wuri ɗaya, wani dogon gurnani daga ƙasa. Wannan zai zauna a kowane fim. Shi ake arowa, shi ake cewa a kwaikwaya, kwaikwayon kuma shi za a aro baɗi a sake kwaikwaya. Babu wanda ya zauna ya yanke hukuncin a kashe kari, amma tsarin da kansa yana tankaɗe shi shekara bayan shekara.

Sai maganar yanka. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 hoto guda a fim ɗin Hollywood yakan tsaya daƙiƙa takwas zuwa sha ɗaya kafin a yanka zuwa wani. A finafinan faɗa na bayan 2000 abin ya sauko zuwa daƙiƙa biyu, uku, huɗu. Kari kuwa yana son numfashi, yana da farko da tsakiya da inda yake sauka, wataƙila daƙiƙa ashirin ko talatin. Ga kuma uwa uba: a da akwai ranar da ake rufe hoto, a ce an gama yanka, a miƙa wa mai kiɗa ya auna kowace fitowa ya rubuta daidai da ita. Yau hoto ba ya rufuwa. Kamfanonin zanen kwamfuta suna ta aiko da aikinsu har makon ƙarshe, ana cire daƙiƙa uku nan, ana ƙara biyar can. Ka cire daƙiƙa uku daga tsakiyar kari, ka karya masa baya, kowa zai ji. Ka cire daƙiƙa uku daga dukan ganga mai maimaita kansa, ba wanda zai sani. Mai tsara kiɗa da ke son aikinsa ya isa sinima da rai ya san wanne zai rubuta.

A gwada wannan da abin da ya faru a E.T. a 1982. Williams yana jagorantar makaɗa a kan dogon ƙarshen fim ɗin, tseren kekuna da ban kwana, ya yi ta ƙoƙarin sa kiɗan ya faɗa daidai kan kowane yanka, abin yana fitowa a ɗaure. Spielberg ya ce a kashe majigi, ya buga yadda zuciyarsa take so, shi zai sake yanka fim ɗin ya bi kiɗan. Haka aka yi. Darakta Sergio Leone a Italiya ya wuce nan ma: Ennio Morricone ya gama kiɗan Once Upon a Time in the West kafin a fara ɗauka, ana kunna shi a wurin ɗaukar, 'yan wasa da kyamara suna tafiya a kansa. Kuma gajeren take ba a tsintarsa a hanya. Sauti biyar ɗin nan na Close Encounters of the Third Kind, Williams ya rubuta kusan ɗari uku irinsu kafin shi da Spielberg su tsaya a kan ɗaya. Michael Giacchino kuwa da aka kira shi Rogue One a 2016, bayan sake ɗaukar wasu sassa ya rikita jadawali Alexandre Desplat ya fita, mako huɗu da rabi aka ba shi ya cika fim na sama da awa biyu.

Kwamfuta ta shigo ta wata ƙofar kuma. A da mai tsara kiɗa yakan zaunar da darakta kusa da fiyano ya buga masa taken, ya ce nan ƙaho zai shiga, nan goge. Darakta ba ya jin ainihin abin sai ranar da makaɗa suka taru, dole ya yarda da mutum. Yanzu ba a yarda sai an ji. Kowane guntun kiɗa sai an haɗa samfurinsa a kwamfuta, darakta ya saurara, furodusa ya saurara, manyan kamfani su saurara, kowa ya kawo gyaransa. Samfurin ana yin sa ne da rumbunan sauti, irin na Vienna Symphonic Library da Spitfire Audio, inda aka ɗauki makaɗa na gaske suna buga sauti ɗai-ɗai aka adana. To na'urar tana da abin da ta iya da wanda ba ta iya ba. Gajeren sauti mai tsalle, dukan manyan ganguna, rurin ƙaho mai kauri, duk suna fitowa kamar gaske. Amma dogon kari na mai goge guda, ko na mai sarewa da ke jan numfashi yana lanƙwasa sauti yana ɗan jinkirtawa kafin ya sauka, wannan a na'ura yakan fito a sandare. Idan aikinka ya dogara ga samfurin ya burge mutum shida a ofis ranar Litinin, abin da na'ura ta iya shi za ka rubuta. Daga baya a tara makaɗa tamanin su buga abin da aka rubuta don na'ura, sau da yawa ma ba tare ba, masu goge yau, masu ƙaho gobe, don a iya ɗaga wannan a sauke wancan wurin haɗa sauti. Shi ya sa sarewa da danginta suka kusa ɓacewa daga manyan finafinan faɗa. Wanda ya saurari kiɗan shekarun 1980 ya saurari na yau zai ji giɓin ko bai san sunan abin da ya ɓace ba.

Nan ne sunan Hans Zimmer yake shigowa, kuma ana yawan ɗora masa laifin duka. Ban ga adalci a haka ba. Haifaffen Frankfurt ne a 1957, ya taso da na'urar sintesaiza, ya kafa situdiyo a Santa Monica wanda yanzu ake kira Remote Control, inda matasa da dama suka koyi aiki a hannunsa. Ya iya kari sarai, The Lion King da Gladiator shaida ne. Da ya juya ga wani salo tare da darakta Christopher Nolan, da dalili ya juya. Batman ɗinsu na 2005 sauti biyu ne suka wakilce shi, don mutum ne da bai gama zama jarumi ba. Mugun nan Joker kuwa, a fim ɗin Batman na 2008, sauti ɗaya ne na babban goge da ake ta ja yana hawa har ya dami kunne. Rurin ƙahon nan na Inception a 2010 ya samo asali ne daga wata waƙar Edith Piaf da aka rage wa gudu, don a labarin lokaci yana tafiyar hawainiya a cikin mafarki. Duk waɗannan tunani ne. Matsalar ita ce masu kwaikwayo sun ɗauki rurin sun bar dalilin, aka yi shekaru kusan kowace tallar sabon fim da shi take buɗewa. Kuma tsarin aikin da situdiyonsa ya yaɗa, babban suna a sama da mataimaka da yawa a ƙasa kowa da guntun da yake cikewa, yana da sauri, yana kai aiki a kan lokaci, amma da wuya ya haifar da kiɗan da kai ɗaya ya riƙe daga farko zuwa ƙarshe, ya shuka take a minti na goma ya girbe shi a minti na ɗari.

Ko an rubuta taken ma, ina za a ji shi? Superman na 1978 ya buɗe da kusan minti biyar na sunaye suna wucewa a sararin samaniya, babu magana, babu fashewa, sai kiɗa. Kafin a ga fuskar jarumi kowa ya haddace takensa. Yau an mayar da sunaye ƙarshen fim, lokacin da mutane ke neman ƙofa, a 2017 kuma Netflix ya sa maɓallin tsallake buɗewa gaba ɗaya. A cikin fim ɗin kuwa kari yana zaune ne a daidai muryar ɗan'adam, don haka da an fara magana sai a danne shi, da an fara rushe gine-gine sai ya nutse.

Sannan ga rashin maimaici. Finafinan Iron Man uku, masu kiɗa uku: Ramin Djawadi a 2008, John Debney a 2010, Brian Tyler a 2013, kowa ya zo da sabon take ya ajiye na baya. Thor ma haka aka yi ta sauya masa hannu. Williams kuwa shi ya yi duka kashi tara na Star Wars daga 1977 zuwa 2019, taken Bond kuma tun 1962 yake dawowa. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce Djawadi ɗin nan da ba a tuna kiɗansa na Iron Man, shi ne ya yi taken wasan talabijin Game of Thrones a 2011, wanda duniya ta haddace. Mutum ɗaya ne, tazarar shekara uku. A can an ba shi kusan minti ɗaya da rabi a farkon kowane kashi, kashi 73, babu mai magana a kai. Shi ma taken Silvestri na The Avengers, da Marvel ta dawo da shi a 2018 da 2019 ta buɗe masa fili, sai ga mutane sun fara riƙe shi.

Amma duk waɗannan rassa ne. Jijiyar tana cikin labarin Troy na 2004. Gabriel Yared, haifaffen Beirut, wanda ya ci Oscar da The English Patient, ya yi kusan shekara guda yana aikin fim ɗin, ya ɗauki kiɗan da babbar okestira da mawaƙa. Aka yi kallon gwaji, irin wanda ake tara mutane a raba musu takarda su rubuta ra'ayi. Wasu suka ce kiɗan ya yi tsohon yayi. Aka jefar da aikin shekara, aka kira Horner ya yi sabo cikin 'yan makonni. Abin lura shi ne kiɗan Yared ya jawo suka ne saboda ana jin sa. Kari yana fitowa fili ya ce nan baƙin ciki ne, nan jarumta ce, nan so ne, duk abin da ya fito fili kuwa wani zai iya cewa ya yi yawa. Gurnani ba ya faɗar komai, don haka ba a samun inda za a kama shi. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan ɗari biyu ko uku yana da mutane da yawa masu ikon cewa a cire, kuma ba wanda aka taɓa kora don ya zaɓi kiɗan da ba a lura da shi ba. Ga daraktoci da dama na wannan zamani sun tashi da aƙidar cewa kiɗa bai kamata ya gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa ba, kamar nuna tausayi a fili abin kunya ne. Shi ya sa da fitowa ta fara taɓa zuciya sai a sa wani ya yi barkwanci a kai. Ni kuwa ina ganin wanda ya biya kuɗinsa ya zauna cikin duhu awa biyu ya zo ne don a taɓa masa zuciyar, kuma hana shi wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi. Suna cewa gwanayen da kaɗai muke tunawa, ɗaruruwan finafinan 1980 masu kiɗan banza sun bi ruwa. Gaskiya ne. Dan Golding, wani masani ɗan Ostireliya da ya mayar wa su Zhou martani, ya tunatar cewa shi kansa Star Wars a kan kiɗan aro aka gina shi, kunne yana jin Gustav Holst a ciki, buɗewarsa kuma tana kama da ta Korngold a Kings Row na 1942. Wannan ma gaskiya ne, sai dai abin da aka aro a lokacin kari ne daga taskar shekara ɗari, ba gurnanin fim ɗin bara ba. Suna kuma cewa ba a auna kyan kiɗa da iya rera shi a titi. Nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Abin da Trent Reznor da Atticus Ross suka yi wa The Social Network a 2010, ko wanda Hildur Guðnadóttir ta haɗa wa Chernobyl a 2019 daga sautukan da ta ɗauko a wata tsohuwar tashar nukiliya a Lituweniya, ayyuka ne na ƙwarai, okestira mai busa ƙaho da ta ɓata su. Kukana shi ne salo ɗaya ya haɗiye sauran, har finafinan kasada da na jarumai masu tashi sama, waɗanda tun asali don take aka halicce su.

Inda aka ba da fili kuwa, abin yana nan da ransa. Finafinan zane na yara sun zama mafaka, wataƙila don a can ba a jin kunyar tausayi: Up na 2009 yana da minti huɗu na rayuwar miji da mata daga aure har mutuwa babu kalma ɗaya, kari guda na Giacchino ne ke sauya kama yana ɗauke da labarin. Ludwig Göransson kuma da zai yi Black Panther na 2018 sai da ya je Sanagal ya bi Baaba Maal yawon wasa, ya dawo da tama, ƙanwar kalangu, Massamba Diop yana kiran sunan sarki T'Challa da ita kafin ƙahonin okestira su amsa. Darakta Ryan Coogler abokinsa ne tun suna jami'a, ya ba shi labarin tun kafin a fara ɗauka. Lokaci da yarda suka haifi wannan.

Abin da ya fi wuyar gyara shi ne tsanin da ake hawa a koyi sana'ar. Goldsmith da Elmer Bernstein sun rasu a 2004, John Barry a 2011, Horner a hatsarin jirgin sama a 2015, Morricone a 2020. Williams, haifaffen 1932, ya samu shiga takarar Oscar karo na 54 a 2024, da fensir da takarda yake rubutu. Shi a cikin okestira ya girma: a shekarun 1950 mai fiyano ne a situdiyo, yana zaune a tsakiyar makaɗa ƙarƙashin sandar su Alfred Newman da Henry Mancini, daga baya yana rubuta wa talabijin kiɗa mako-mako yana jin mutane na gaske suna buga masa kuskurensa washegari. Wannan makarantar ta kusa rufewa. An rufe babban ɗakin ɗaukar kiɗa na Paramount a 2006, na Todd-AO a 2007, aiki mai yawa ya koma Landan da Prague da Budapest da Biyena, inda kamfani ke biya sau ɗaya ya huta da kason da ƙungiyar makaɗan Amurka take karɓa bayan fim ya fita. Matashin da ya shiga sana'ar yau yakan fara ne a matsayin mataimaki a wani ɗaki marar taga, gaban allo uku, yana gyara samfuri har asuba, wani lokacin yana rubuta guntayen da sunan maigidansa zai hau kai. Zai ƙware a na'ura ƙwarai, amma yana iya yin shekaru bai tsaya a gaban mutum tamanin ya ji yadda mai ƙaho yake gajiya ba, ko inda mai sarewa yake buƙatar jan numfashi. Duk daraktan da ya tashi gobe yana son take irin na da, a cikin waɗannan matasa zai nemi mai rubuta masa.